Kalmomin Turanci masu farawa da in-: ba duka ne suke kore magana ba

Ɗalibar Aji Shida: Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Don Allah a warware mana wata matsala kafin jarrabawar WAEC ta ƙaraso. An koya mana cewa in- a farkon kalmar Turanci korewa yake yi: correct daidai, incorrect ba daidai ba, complete cikakke, incomplete wanda bai cika ba. To ga invaluable, a tsofaffin tambayoyi amsarta ita ce "mai matuƙar amfani". Ga kuma highly inflammable da ake rubutawa a jikin tankar fetur, alhali kowa ya san fetur na kamawa da wuta. Ƙa'idar ce ta karye ko mu ne ba mu gane ba?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙa'idar ba ta karye ba, sulusinta aka ba ku. Wannan in- ɗin ɗafa-goshi uku ne da suka yi kama a rubutu, kowanne da asalinsa.

Na farko shi ne na korewa, daga Latin ya zo, kuma ya fi manne wa sifa da suna: invisible wanda ido ba ya gani, inactive wanda ba ya aiki, injustice rashin adalci, inability rashin iyawa. Na biyu shi ma daga Latin yake, amma ma'anarsa "ciki" ko "zuwa ciki", kuma aikatau ya fi bi: inject a tura ruwa ciki, insert a cusa, include a sa a ciki, invade a kutsa, inspect a duba ciki da kyau. Na uku kalmar in ce ta Turancin yau da kullum aka liƙa ta a gaban wata kalma: indoor, input, inland, income.

Abin bai kamata ya ba mai jin Hausa mamaki ba. Ma- ɗinmu ma haka yake: makaranta wuri ce, manomi mutum ne, mabuɗi kayan aiki ne, madara da mage kuwa babu wani ɗafi a jikinsu, da ma haka aka same su. Turanci ma yana da irin su madara: inch da indigo ba su da ɗafa-goshi ko ɗaya.

Ga yadda za ki gwada kalma idan ba ƙamus a kusa. Cire in- ki dubi abin da ya rage. Idan sifa ce mai tsayuwa da ƙafarta, kamar visible ko direct ko formal, to galibi korewa ce. Idan abin da ya rage ba kalma ba ne, kamar ject, clude, sert, vade, to na "ciki" ne. Sai ki ƙara gwaji na biyu: nemi kishiyarta. Idan da ex- take farawa, na Latin mai nufin ciki ne: include da exclude, inhale da exhale, internal da external. Idan da out- take farawa, na uku ne: indoor da outdoor, input da output. A kula da income kawai, kishiyarta ba outcome ba ce. Income kuɗin shiga, kishiyarsa expenditure, outcome kuwa sakamako ne.

Inflammable ta faɗi gwajin farko ne saboda an yanka ta a inda bai dace ba. Ba in da flammable aka haɗa ba. Aikatau ne inflame, wato a hura wa abu wuta, aka ƙara masa -able a ƙeya. Don haka idan kalma ta ƙare da -able, fara cire wutsiyar tukuna, ki ga ko abin da ya rage aikatau ne mai farawa da in-. Inhabitable ma haka take: inhabit, a zauna a wuri, sai -able, wato wurin da zai zaunu. Invaluable kuwa korewa ce ta gaske, amma abin da aka kore shi ne iya yi wa abu kuɗi. Abin da ya fi ƙarfin a yi masa kuɗi ai darajarsa ta kai maƙura. Mara daraja shi ne valueless ko worthless.

Gardi Ɗan Boko: Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in ƙara abin da ya shafi rubutun, don duk wanda ya yi tajwidi ya riga ya san ƙa'idar, bai dai san ya sani ba. Hukuncin nun mai sukun ne sak. Idan ta gamu da harafin ba sai ta juye mim, wato iƙlabi. Turanci ma haka: in da balance ya zama imbalance, in da possible ya zama impossible, domin p da b duk a leɓe ake furta su. Idan ta gamu da lam ko ra sai ta narke a cikinsu, wato idgami: in da legal ya zama illegal, in da regular ya zama irregular. Da mim ma ta narke: immature, immoral.

Amfanin wannan a jarrabawa shi ne sanin inda ake ninka harafi. Illegal l biyu, ɗaya na ɗafi ɗaya na saiwa. Irresponsible r biyu. Innumerable n biyu saboda saiwar da n ta fara. Inaccurate kuwa n ɗaya, tunda accurate da wasali ta fara. Innocent da innovate n biyu, inoculate n ɗaya tak, kuma nan ake yawan zubar da maki.

Na ukun da Malam ya ambata shi kaɗai ne ba ya bin wannan hukunci. Shi ya sa ake rubuta input, inbox, inland, inmate ba tare da n ta sauya ba. Daga nan aka sami inpatient, majinyacin da aka ba gado a asibiti, da impatient, mara haƙuri. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Ɗalibar Aji Shida: Ikon Allah! Wallahi na iƙlabin nan ya zauna. Na gode, Yaya.

Injiniya Mai Kwalkwali: Tunda an taɓo tanka, bari in faɗi yadda abin yake a wurin aiki. Flammable da inflammable ma'anarsu ɗaya. Ruɗanin da ɗalibarmu ta shiga Turawan ma sun shige shi, shi ya sa tun shekarun 1920 masu harkar kashe gobara a Amurka suka matsa a koma rubuta flammable kaɗai. Abin da ba ya kamawa da wuta non-flammable ake rubuta masa. Duk takardar gargaɗin da za a fassara, kada a bar inflammable ta wuce ba a mayar da ita "mai saurin kamawa da wuta" ba.

Wanda bai iya karatu ba ya dubi alama: jan tambari mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininsa, da hoton harshen wuta a sama da lamba 3 a ƙasa. Wannan ruwa ne mai kamawa. Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake gane kaya masu haɗari da ita, ta fetur 1203 ce, dizal 1202, kananzir 1223.

Kalmar highly kuwa ba ado ba ce. Kowane mai yana da matakin zafin da yake fara fitar da tururin da tartsatsi zai iya kunnawa. Na fetur yana wajen digiri 43 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, wato ko a tsakiyar hunturu tururinsa a shirye yake. Na kananzir daga digiri 38 ne zuwa sama, na dizal ya haura 50. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya gangara lambatu ya taru a kwari. Shi ke kamawa, ba ruwan ba. Wannan ne ya sa tankar da ta faɗi take cinye mutanen da ke tsaye nesa da ita, kamar yadda aka gani a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024. Haka kuma kananzir ɗin da aka gauraya da fetur ko da kaɗan ne ya sauko ƙasa da wancan mataki na 38, shi ya sa fitila ko risho ke fashewa.

Na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga mu da munka yi lakwal da Faransanci tarkon ya fi naku muni, don kalmar iri ɗaya ce a rubuce, ma'ana ta juya baya. Inhabitable ga Faransanci gidan da ba ya zaunuwa ne, ga Turanci kuwa wanda ke zaunuwa. Inhabité wurin da babu kowa, inhabited wurin da ke da mutane. Wanda zai ce ba ya zaunuwa da Turanci sai ya ce uninhabitable. Injure ga Faransanci zagi ne, ga Turanci ji wa mutum rauni. Inscription wurinmu rajistar makaranta ce, wurinku rubutun da anka sassaƙa bisa dutse ko kwabo. Inflammable ce dai munka yi tarayya, mai kamawa ce nan da can.

Malam Mai Alli: Madalla da Na Maraɗi. Uninhabitable ta tuno da wata ƙa'ida: kalmar da ta riga ta fara da in- ko im- da un- ake kore ta, kamar uninformed, unimportant, uninsured. Haka galibin kalmomi masu ƙarewa da -ed ko -ful. Shi ya sa kango ake ce masa uncompleted building, amma aikin gida da bai cika ba incomplete. Wani lokaci ma sifa ta ɗauki un-, sunanta ya ɗauki in-: unable da inability, unjust da injustice, unequal da inequality, ungrateful da ingratitude.

Tafintan Kotu: Malam, da girmamawa, ni ina da ja a kan koyar da yara gwajin cire in-. Yana aiki a kan kalmomi masu sauƙi, waɗanda da ma ba su ke kayar da mutum ba. Waɗanda masu jarrabawa ke zaɓowa su ne daidai waɗanda gwajin zai kai yaro ya baro. A gwada shi a kan infamous: yaro zai ce wanda ba a sani ba, alhali wanda ya yi ƙaurin suna ne, an san shi sarai amma da mugun abu. Indifferent zai ce iri ɗaya, alhali halin ko-in-kula ne. Impertinent zai ce wanda bai shafi batu ba, alhali a yau mara kunya ake nufi. Intense da tense ba kishiyoyi ba ne. Indebted ba wanda ba a bin sa bashi ba ne, wanda bashi ya hau kansa ne, ko wanda aka yi wa alherin da ya zame masa nauyi. A ganina a ba su jerin nan su haddace a cikin jimla, ya fi musu.

Ga kuma furuci, wanda gwajin ba ya taɓawa sam. Infamous a gaɓar farko ake danna murya, kuma fa ɗin ba a ja ta kamar ta famous. Invalid kalma biyu ce: idan aka danna gaɓar tsakiya, abin da ba shi da inganci ne, kamar lasisin da ya ƙare, idan aka danna ta farko, mutum ne da ciwo ya kwantar. Incense a danna farko turaren wuta, a danna ƙarshe a fusata mutum. Indict kuwa indait ake cewa, c ɗin ba ta fita.

Malam Mai Alli: Ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba. Amma masu tawayen nan ƙididdigaggu ne, masu bin ƙa'ida kuwa ɗaruruwa ne. Ba za a hana yaro hanyar da za ta fisshe shi a mafi yawan wurare don tana da ramuka sanannu ba. A koya masa gwajin, a ba shi jerin naka ya haddace, ya san idan ya ga ɗaya daga cikinsu ba wurin gwaji ba ne.

Tafintan Kotu: To a sa jerin a gaba, gwajin ya biyo baya. Abin da yaro ya fara ji shi ke zama.

Sista Mai Rigakafi: Ku bar gardamar nan haka, iyayena, akwai inda kuskuren ya wuce zubar da maki. Inter- da intra- su ma da in suke farawa, amma ba ruwansu da duk ukun da Malam ya lissafa. Inter- tsakanin abu biyu ne, intra- a cikin abu ɗaya. Intercostal tsakanin haƙarƙari, intrauterine a cikin mahaifa, daga nan aka sami sunan robar tazarar haihuwa ta IUD.

A katin majinyaci gajarce su ake yi, kuma kowacce hanyarta daban. IM ita ce intramuscular, allurar tsoka, a tsaye ake soka ta, kusurwa 90. IV ita ce intravenous, ta jijiya. ID ita ce intradermal, a cikin fatar kanta, allurar kusan a kwance, kusurwa 10 zuwa 15, kuma idan ta shiga daidai za a ga ɗan kumburi fari-fari ya taso nan take. Rigakafin BCG da ake yi wa jariri ID ce, mililita 0.05 a saman dantsen hagu. Idan hannu ya yi nauyi ta wuce fata, sai ƙurji ya fito ko kaluluwa ta kumbura a hammata. Penta kuwa, rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya, IM ce, mililita 0.5 a gefen cinya.

Akwai magungunan da sauya musu hanya kisa ne. Benzathine penicillin ta tsoka ce kaɗai, idan ta shiga jijiya tana iya tsayar da zuciya. Potassium chloride ba a tura shi jijiya kai tsaye, sai an tsinka shi a ledar ƙarin ruwa ya sauka a hankali, wato infusion, ba injection ba. Vincristine, maganin daji, ta jijiya ce kaɗai, idan aka yi ta intrathecal, wato cikin ruwan laka, da wuya mutum ya tashi.

Sai biyun da masu sayen magani a kemis suka fi cakuɗawa, infection da inflammation. Infection shigar ƙwayar cuta jiki ne. Inflammation martanin jiki ne: kumburi, zafi, ja, ciwo. Targaɗe na kawo inflammation ba tare da ƙwayar cuta ko ɗaya ba, don haka amoxicillin ba abin da zai yi masa, irin su ibuprofen ne aikinsu, kuma su ma mai gyambon ciki ya kiyaye su. Haka infertility da impotence ba ɗaya ba ne: na farko rashin haihuwa, na biyu rashin ƙarfin namiji, kuma mutum na iya samun ɗaya ba ɗayan.

Gardi Ɗan Boko: Sista, intranet da internet ma nan suka faɗo ke nan?

Sista Mai Rigakafi: Nan ne, ƙanena. Intranet ta cikin ma'aikata ɗaya ce, intanet ta haɗa kowa da kowa.

Lauyan Unguwa: A ƙara da interstate da intrastate da ake gani a tasha: motar da ke fita wata jiha, da wadda ke yawo cikin jiha ɗaya. A cire r daga ta farkon sai a sami intestate, wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba. Wannan in- ɗin na korewa ne. Magadansa letters of administration za su nema, wato takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kafin banki ya saki kuɗinsa, wanda ya bar wasiyya kuwa probate ake nema, wato takardar kotu mai tabbatar da wasiyyar.

Kalmar da na fi so a gyara a labaran Hausa ita ce indict. Idan jarida ta ce kwamitin bincike ya yi indicting wani, rahoton ya ɗora masa alhaki ne, ko an tuhume shi. Ba a kama shi da laifi ba tukuna, wannan convict ne, kuma kotu kaɗai ke yi. Mai fassarar da ya rubuta "an same shi da laifi" ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba, kuma ana iya maka shi kotu kan ɓata suna.

Injunction umarnin kotu ne na hani ko tilastawa, kuma hawa uku ne. Interim na 'yan kwanaki ne, ana iya bayar da shi bayan jin ɓangare ɗaya idan akwai gaggawa, kamar za a rushe gini gobe da safe. Interlocutory sai an ji ɓangarorin biyu, kuma yana nan har ranar hukunci. Perpetual a cikin hukuncin ƙarshe yake fitowa. Mutane na samun na farkon su yi ta murna wai sun ci shari'a, alhali ko sauraron ƙarar ba a fara ba. Interim ɗin nan ita ce dai ta gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, wadda ta zauna daga Agusta zuwa Nuwamban 1993.

Sai 'yan huɗun nan: indigene ɗan asalin wuri, kalmar da ke cikin sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 inda aka ce a naɗa minista daga kowace jiha, indigenous sifarta, indigent matalauci fuƙara'u, indignant wanda ya fusata don an yi rashin adalci. Tallafin da aka rubuta for indigent students na marasa galihu ne, takardar shaidar ƙaramar hukuma ba ta isa a samu ba.

Ɗan Jarida Mai Ritaya: Barista, tunda an shigo siyasa, impeach fa? Tsigewa muke cewa tun zamanin Balarabe Musa, da majalisar Kaduna ta cire shi a 1981.

Lauyan Unguwa: Baba, a labarin Najeriya tsigewa ta yi, don haka kowa ke amfani da ita, ko da yake sashe na 143 da na 188 removal suka ce. A labarin Amurka ne take zama kuskure. Can impeach tuhuma ce da majalisar wakilai ke yi, majalisar dattawa ce ke shari'ar. An yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Donald Trump a 2019 da 2021, kuma ba wanda dattawa suka cire. Wanda ya fassara da "an tsige Trump" ya ba mai sauraro labarin da bai faru ba. "Majalisar wakilai ta tuhume shi da nufin tsigewa" ya fi tsawo, amma shi ne daidai.

Ɗan Jarida Mai Ritaya: Na karɓa. Inconclusive kuma "bai kammala ba" muka yi ta cewa a zaɓen gwamnan Kano na 2019, har kalmar Turancin ta shiga bakin 'yan kasuwa da 'yan adaidaita.

Tafintan Kotu: Ta yi aiki, Baba, amma "bai kammala ba" ta fi kusa da incomplete. Conclusive abu ne mai raba gardama, inconclusive wanda bai raba ba. A zaɓen 9 ga Maris ɗin nan an ƙirga abin da aka kaɗa, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 26,655 ce, kuma masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi haka yawa, shi ne INEC ta sa a sake a waɗannan rumfuna ranar 23 ga wata. "Bai fitar da gwani ba" ta fi kama ma'anar. Bambancin ya fi fitowa a asibiti: gwajin jini inconclusive an gama shi tsaf, amsar ce ba ta nuna e ko a'a ba, sai an sake ɗiba.

Ɗan Jarida Mai Ritaya: A rediyo dai "bai kammala ba" ta riga ta zauna, ba mai tayar da ita yanzu.

Hajiya Mai POS: Sannunku da ƙoƙari. Ga na kan na'urarmu, don yaran shago da yawa duk wanda ya fito sai su ce "ba network". Insufficient funds, lamba 51, kuɗin asusun ne bai kai ba, a rage adadin a sake. Incorrect PIN, lamba 55, lambar sirri ce ba daidai ba, kuma galibi a karo na uku katin zai kulle, don haka bayan na biyu a dakatar da mai katin ya nutsu. Invalid card number, lamba 14, na'urar ba ta gane lambar katin ba. Invalid transaction, lamba 12, sau da yawa an zaɓi irin asusun da ba shi ba ne, a gwada ɗayan. Issuer or switch inoperative, lamba 91, ita ce ta network ta gaskiya: bankin mai katin ne bai amsa ba. A nan ne ake iya cire masa kuɗi alhali takarda ta ce declined. Kada a ba da kuɗi sai an ga approved, a ba shi takardar ya riƙe, idan kuɗin bai dawo da kansa ba ya kai wa bankinsa.

Akawun Kanti: Hajiya ta gama da nata. Nawa uku ne. Invoice takardar neman biya ce, receipt shaidar an biya, wato rasit. Proforma invoice kuwa ƙiyasin farashi ne kafin a yi ciniki, ba ta nuna an sayi komai. Wanda ya biya kuɗi aka miƙa masa invoice ba hatimin paid a kai, a takarda har yanzu ana bin sa.

Inclusive na "ciki" ne, kishiyarsa exclusive. Idan an ce kaya naira 107,500 inclusive of VAT, harajin kashi 7.5 yana ciki. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki kashi 7.5 na 107,500, a sami 8,062.50. Ba haka ba ne. Raba 107,500 da 1.075, ka sami 100,000 kuɗin kaya, ragowar 7,500 shi ne haraji. A kwanan wata ma haka: hutu daga 1 zuwa 5 inclusive kwana 5 ne, ranar 6 ake dawowa.

Interest kuma fuska uku gare ta: sha'awa, kuɗin ruwa, da muradi ko hannu a cikin abu. Daga ta ukun aka sami disinterested, wanda ba shi da wata riba a lamarin, irin mutumin da ake so ya raba gardama. Uninterested shi ne wanda abin bai dame shi ba.

Ɗalibar Aji Shida: Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura biyu da suka fito a takardar da ke gabana: ingenious da ingenuous, sai incredible da incredulous.

Malam Mai Alli: Ingenious mai hikimar ƙirƙira ne, danginsu ɗaya da engine da engineer, ki riƙe ta da i ɗin da ke tsakiyar injiniya. Ingenuous mai farar zuciya ne, wanda ba ya ɓoye komai har ana iya yi masa wayo, kishiyarsa disingenuous, mai nuna bai sani ba alhali ya sani. Duk biyun ba korewa a cikinsu. Incredible da incredulous kuwa duk korewa ne daga saiwar da ke nufin gaskatawa, bambancin wanda ake sifantawa ne. Labari ne ke zama incredible, ya yi wuyar gaskatawa. Mutumin da ya ji shi ya ƙi yarda shi ne incredulous. Idan gurbin da aka bari a jimla yana gaban story ko speed ko amount, ta farko ce. Idan yana gaban look ko stare, ko yana bayan he was aka kuma ce ya girgiza kai, ta biyu ce.